Totur Ɗin da Na Goge da Hannuna

Shekarar da na sayi tsohuwar a-kori-kurata, buhunan wake da gero nake ɗaukowa daga Damagum zuwa Potiskum. Motar akwai ƙarfin ɗaukar kaya, gudu ne babu. Direbobin da ba su kai ni shekaru ba sai su wuce ni suna danna mini hon, abin yana ci mini rai.

A waya na ga wani yana kwance totur, wato maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji, yana faɗaɗa shi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na buɗe bonet a ƙofar gidanmu a unguwar Yindiski cikin Potiskum, na kwance nawa. A ciki akwai ɗan faifan ƙarfe da ke buɗewa in an taka wuta, sifirin kuma ya mayar da shi in an ɗaga ƙafa. Na goge cikin da magagari har ya yi ƙyalli. Sifirin ɗin ma na sassauta shi, don ƙafata ta huta.

Maƙwabcina, tsohon makanike ne da idonsa ya yi rauni har ya bar aiki, yana zaune a kan benci. Da na tayar da motar sai ya karkata kai yana saurare.

"Ɗaga ƙafarka daga wuta," ya ce.

"Ai na ɗaga, Baba."

Ya ce, "To wa ke taka ta?"

Na yi dariya, na ce sabon gyara ne, zai zauna. Shi bai yi dariya ba.

Motar kuwa ta yi gudu. Kwana huɗu ina wuce duk wanda na ga dama. Sai dai in na saki wuta, injin yakan ɗan jima yana gurnani kafin ya sauka, kullum kuma jimawar ƙaruwa take. Na lura. Ban gaya wa kowa ba.

Rana ta biyar na taso daga Damagum da kaya maƙil, mutum shida a kan buhuna, wata tsohuwa a gefena da kwaryar nono a cinya. Na wuce wata tirela, na ɗaga ƙafa, motar ba ta saurara ba. Na sa yatsan ƙafa na ɗago fedar. Gudu ƙaruwa yake. Can gaba garken shanu ya fara tsallaka titi.

"Ɗan nan, lafiya?" in ji tsohuwar.

Na take kuloci, injin ya kurma ihu kamar zai tarwatse, na murɗa makulli na kashe shi. Birki ya yi tauri kamar dutse. Na miƙe a kansa da ƙafa biyu ina salati, na karkata gefen hanya cikin yashi. Mun tsaya kusa da shanun har ina jin hucinsu ta taga.

Nono ya zube a ƙafafuna. A baya wata mata tana kuka, mijinta yana duba ko yarinyarsu ta ji ciwo. Ba ta ji ba.

Na sauka na buɗe bonet. Faifan yana nan a buɗe wangale, ya maƙale a wurin da na fi gogewa. Mutanen suka sauke kayansu suka nemi wata mota. Da la'asar wani abokin aikina ya zo da igiya, ya ja ni har gida.