Madubin da Na Tura Ƙarƙashin Ganyen Dogon Yaro

Shekarata goma aka haifi ƙanena Nasiru, kuma haihuwarsa ce ta kawo mana Iya Kulu daga Dundaye. Ita ce ta haifi Innarmu. Ta iso gidanmu na Ƙofar Marke da ƙullin kayanta a ka, ta ce ba za ta koma ba sai an yi arba'in, domin ba ta yarda wani hannu ya yi wa ɗiyarta wankan jego ba. Mu yara mun yi murna, amma gaskiya ba don jaririn ba ne, don tatsuniya ne.

Murhu ɗaya gare mu a tsakar gida, saboda haka ruwan wankan yamma ba ya hawa wuta sai an sauke tuwo, bayan magariba. Tukunyar ƙatuwa ce, tana daɗewa kafin ta tafasa, kuma wannan jiran shi ne rabonmu. Iya kan zauna bisa kujera 'yar tsuguno tana iza itace, ni da ƙannena biyu mu kewaye ta. Da ruwa ya tafasa labari ya ƙare, ko an kai ƙarshe ko ba a kai ba.

Makewayinmu ɗan ƙarami ne, daɓen siminti, da rariya a kusurwa. Kafin zuwan Iya kowa yar da sosonsa yake inda ya ga dama. Cikin kwana biyu ta sa aka kafa ƙusoshi a bango, kowane soso da tasa, sabulu ya koma cikin kwando, bokiti kuwa a kife shi ko a sha faɗa. Ni aka ɗora wa shara. Kullum bayan la'asar in kwashe ganyen dogon yaro da aka yi wankan safe da shi, in goge daɓen da tsintsiya mai tauri har santsi ya fita, in buɗe bakin rariya. Iya tana da yana a ido, ba ta gani sosai idan rana ta faɗi, don haka da ƙafa take duba aikina. Kafin Inna ta shiga, sai ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta taka ko'ina da tafin ƙafarta, ta ji ko akwai santsi.

Wata rana, wajen kwana ashirin da haihuwa, na saci ɗan madubin Inna na shiga da shi makewayi don in gwada kwalli. Hannuna da sabulu, sai ya suɓuce ya tarwatse a kan siminti. Na tsince manyan na cusa a bayan randa. Ina cikin neman ƙananan Baba ya yi gyaran murya a waje, yana son shiga kafin salla. Sai na sa ƙafa na tura su kusurwa, na ja ganyen safe na rufe, na ce a raina zan dawo. Ban samu dawowa ba. Baba na fita aka kira magariba, kuma a gidanmu yaro ba ya shiga makewayi a wannan lokaci. Da muka zauna bakin wuta Iya ta tambaye ni ko na share, na ce na share. Daga nan kuma ba ni da bakin ɗaukar tsintsiya a gabanta.

"To, ku matso," ta ce. "Ga wata nan tahe."

Ƙannena suka amsa cewa ta ƙaraso mu ji ta.

Labarin wata yarinya ne mai ƙiwuya, wadda a wurin wankan gidansu akwai faffaɗan dutse da ake tsayawa a kai, da wani tsohon kwaɗo a bakin rariya. Idan an ce ta share, sai ta ɗaga dutsen ta tura komai ƙarƙashi: gashin tsifa, ruɓaɓɓen soso, guntun sabulu, har ƙayar da ta cire daga ƙafarta. Kwaɗo kuwa kullum sai ya yi mata waƙa, yana cewa abin da ta ajiye yana girma. Iya kan kumbura kumatu idan ta zo waƙar, ƙannena su yi ta dariya. Ni ba kwaɗon nake saurare ba. Tukunya nake saurare, ta fara wannan siririn kukan da take yi kafin tafasa.

Na yi ta lissafi a zuci. Idan na faɗa, Baba zai ji, kuma sata da ƙarya a rana ɗaya ba abin da yake yafewa ba ne. Idan na yi shiru, wataƙila Iya ba za ta kai kusurwar ba. Wataƙila ganyen ya yi kauri. Har addu'a na yi Allah Ya sa itacen ya zama ɗanye. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ina jin kunyar tsoron.

A labarin, yarinya ta gaji da waƙa ta toshe bakin kwaɗo da laka. Ruwa ya daina fita. Gashin nan ya murɗe ya zama jiki, soso ya zama kai, ƙaya ta zama haƙori, abin ya kwanta ƙarƙashin dutse yana jira. Ƙanwata Hadiza ta ce ai shi ke nan, zai ciji yarinyar. Iya ta girgiza kai.

"A'a, ba ita za ya ciza ba. Ita ta san inda ba ta takawa. Wanda bai sani ba shi ka shan cizo."

Daidai nan murfin tukunya ya fara rawa. Iya ta ce sauran sai gobe, ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta kira Inna ta fito da zanen wanka, ta kwashi ruwa a babban bokiti, maƙwabciyarmu Goggo Ige ta kama mata suka kai bakin ƙofa. Ina zaune ina kallo. Na ga Iya ta tuɓe takalmin dama, ta tuɓe na hagu, ta jera su. Sai da ta shige ciki sannan na tashi da gudu ina cewa, "Iya, tsaya, akwai kwalba."

Ba ta yi ihu ba. Salati kawai na ji, a hankali, sannan ta ce wa Inna kada ta kuskura ta shigo. Da Goggo Ige ta haska tocila, jini ya riga ya bi ruwan daɓen ya nufi rariya. Tsinin madubin ya shige dunduniyarta har sai da Baba ya ɗauke ta a mashin zuwa asibiti aka ciro, aka yi ɗinki.

Ba a doke ni ba. Iya ta hana, ta ce wa Baba tsakaninta da ƙawarta ne, wato ni jikarta. Da duka aka yi mini da ya fi mini sauƙi. Washegari na kai mata kunu ɗaki, ƙafarta naɗe bisa matashi, na tsaya ina kuka. Ta dube ni da idanun nan nata masu hazo.

"Saratu, madubi mi na ne? Da kin hwaɗi tun bakin wuta, tsintsiya ɗai mu ka nema."

Goggo Ige ce ta ƙarasa wa Inna wankan arba'in, ita kuwa ba ta iya tatsuniya ba. Iya ba ta sake zama bakin murhun nan ba har ta koma Dundaye, kuma ban taɓa jin ƙarshen labarin kwaɗon ba, domin ban iya tambaya ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne tsabta, kuma na riƙe shi. Yau a gidana na unguwar Minanata banɗakin tayil ne da shawa, ba na barin kwalba ko reza a ciki, ba na kwana da gashi a bakin rariya. Sai da na haifi nawa na gane ba ƙazanta ce ta yanki Iya ba, tsoron da nake wa bulala ne. Shi ya sa na kafa wa 'ya'yana doka, duk wanda ya fasa abu ya zo ya faɗa da bakinsa, ba mai taɓa shi. Suna ganin sauƙin hali ne. Ba su san cewa Iya Kulu ta yi shekara goma sha ɗaya bayan wannan ranar tana tafiya ba ta dasa dunduniyar hagu a ƙasa ba, kuma ko sau ɗaya ba ta gaya wa mutanen Dundaye wanda ya ja mata ba.