Ranar da Na Ce Ban Ji Allura Ba

Damina biyu bayan an sauke tutar Bature, shekarar da aka yi wa yayata Hajara kitson aure, Gwaggo ta hango wani farin tabo a bayana ina sunkuye ina jan guga. Kafin la'asar an ware mini kwanon tuwo da moɗa. Ba wanda ya furta kuturta, amma ƙawayena na gaɗa suka daina kama hannuna, ina ji kuma ana raɗar za a kai ni unguwar kutare, nesa da Keffi, nesa da uwata.

Ranar kasuwa Gwaggo ta tasa ni zuwa asibiti wajen malamin duba fata, wani dattijo ɗan ƙabilar Mada, Hausarsa da gargada. Ya tsayar da ni a hasken taga, ya ce in rufe ido, in na ji taɓi in faɗa. To ni kuwa a gidanmu an hore mu da dauriya, ko ƙaya ake cire miki da aska ba kya cewa wayyo. Ya goga auduga, na yi gum. Ya tsikara allura, na cije na ce, "Ban ji ba." Ashe rashin jin nan shi ne alamar cutar! Gwaggo ta sa salati.

Dattijon bai yi gaggawa ba. Ya ga zufa ta tsatso a kan tabon, alhali tabon kuturta ba ya zufa, ya kankara da farce, gari ya tashi kamar dusa. Ya sake tsikara, ya ga fatar ta motsa.

"Yarinya, bayanki ya ji, bakinki ne ya ƙi."

"Ja'ira!" in ji Gwaggo. "Nan ma jarumtar za ki gwada mana?"

Ƙyasbi ne kawai. Da man shafawa mai warin farar wuta muka komo, a ranar na tsoma hannu a kwanon gida.

Yanzu jikokina hoton ƙurji suke ɗauka da waya su aika wa likita Abuja, ba taɓawa, ba kankarawa. Cikin 'yan gaɗar nan saura ni da Ladi ta Sabon Gari, sai Hajara da ke Garaku. Masu haƙurin kallo irin na da kam sun yi ƙaranci.