Madam Rakiya, wadda ta hana Baba tashi

Ɗazu da safe aka kira ni: Madam Rakiya ta rasu. Mota ce ta buge ta a hanyar unguwar Lazaret, tana kan moto, wato babur, za ta aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san ta ba, kine ce, wato irin masu koya wa majinyata motsi da tafiya bayan aiki ko shanyewar jiki. Na san ta ne lokacin da Baba ya faɗi ya karye a ƙugu, aka yi masa aiki.

Kun san tsofaffinmu. Ko ransu na fita, ka tambaye su jiki sai su ce da sauƙi. Baba kuwa gwani ne a nan. Ita kuma Madam ba ta karɓar wannan amsa. Kafin ta ɗaga shi sai ta auna tansiyo, wato awon hawan jini, yana kwance, ta zaunar da shi ta sake aunawa, ta ƙirga bugun zuciya, ta duba analiz, wato sakamakon gwajin jinin da labo ya turo. Ni har haushinta nake ji, ina ganin ɓata lokaci ne.

Ranar da aka ce zai fara takawa, yayansa Alhaji Mamman ya iso daga Maradi da ayarin ƴan dubiya. Baba ba ya son a gan shi kwance gaban yayansa. Ya ce a miƙo masa sanda.

Madam ta zaunar da shi, ta ɗaura masa abin awo. Na ga fuskarta ta canza. Ta riƙe wuyan hannunsa, tana ƙirga bugun zuciya.

"Baba, jiri kake ji?"

"Da sauƙi, ɗiyata."

Goshinsa kuwa duk zufa.

Ta ce ba zai tashi ba yau. Tansiyo ya faɗi daga zama kawai, zuciya na gudu, kuma analiz ɗin safe ya nuna jininsa ya ragu sosai. Alhaji ya fusata. Ya ce mutum ya faɗa da bakinsa lafiya lau yake, wace ce ita da za ta ƙaryata dattijo gaban ƴan uwansa? Ni ina tsaye kamar an dasa ni, ga yayan ubana, ga baƙuwa. Wallahi tsoro na ji.

Ta ce: "Alhaji, ka yi haƙuri. Ka zage ni in kana so, amma ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba sai likita ya zo."

Ta ɗauke sandar ta fita da ita.

Likita ya zo ya duba, ashe wurin aikin jini yake zubarwa ta ciki. Aka yi sauri aka mai da shi ɗakin aiki, aka yi masa ƙarin jini. Likitan ya ce da ya miƙe, da ya zube mana a wurin.

Bayan an sallame mu ta riƙa biyowa gidanmu a unguwar Boukoki. Ita ta koya mini auna tansiyo, tana yi mini dariya wai na ɗaura abin a juye. Wata rana ta kawo wa Inna kopto, wato kwaɗon zogale, ta ce ta lura mai jinya ta fi majinyaci ramewa.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwa ne, tana zaɓen tumatir. Ta ce in gaya wa Baba ya rage gishiri, tana nan zuwa ta kama shi.

Tun safe nake kewaya ɗakin Baba na kasa shiga, ina tsoron abin da labarin zai yi wa zuciyarsa. Daga baya na shiga na faɗa masa. Ya ce a kawo masa takalmi. Na ce ƙanena ya kai shi a mota, ya ƙi. Ya ce da ƙafafunsa zai bi gawarta har maƙabarta. Yanzu suka fita, ina kallonsa daga ƙofa, yana takawa a hankali.

Allah ya jiƙanki Madam Rakiya, ya haskaka kabarinki, ya raya ƴaƴan da kika bari. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ya saka ta a addu'a.