Billen da Ɗanmaliki Ya Gani a Talabijin

Ɗanmaliki wanzami, na Kusada, ya yi shekara arba'in da wani abu yana riƙe da aska, kuma in ka biye ma bakinshi babu fuskar da ke yawo tsakanin Kusada da Kankiya wadda bai sa ma hannu ba. Mata na cewa a zamanin da yake tashe, jariri tun yana ciki in ya ji sallamar Ɗanmaliki a zaure sai ya fasa fitowa, ya ƙara sati. Bahago ne, gajere, mai ƙaramar murya. Abin da ya fi taƙama da shi ba askin ba ne, karatun fuska ne. Ya dubi billen da ke kumatunka sau ɗaya, sai ya gaya maka garinku, da wanzamin da ya yanka, da shekarunka, har da ko ka yi motsi lokacin da aska ta sauka. Ya ce bille yana girma tare da mai shi, yana buɗewa a hankali, kuma shi ya san yadda yake buɗewa shekara bayan shekara.

To, sai duniya ta canza mashi. Aka daina tsaga, asibiti ta ƙwace kaciya, samari suka koma wurin masu aski da na'ura. Abin da ya rage mashi kawunan tsofaffi ne da ƙaho jefi-jefi. Shi ya sa duk ranar kasuwa yake rataya zabira ya tafi Kankiya, ya shimfiɗa buzunshi a gindin wani bedi, daf da shagon Harisu mai gidan gem, inda samari ke biyan kuɗi su yi wasa a talabijin.

Harisun nan ba bare ba ne. Yayan Hawwa'u ne, matar ɗan Ɗanmaliki, Zainul Abidin, wanda ake ce ma Zainu. Wata biyar da ɗaura masu aure Zainu ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya neman aiki. Ya bugo waya sau huɗu. A ta ƙarshe ya ce za su gangara wani gari aikin gona, in ya isa zai kira. Shekara bakwai ke nan, bai isa ba.

Hawwa'u tana nan gidan Ɗanmaliki, ba ɗa ba miji, tana dafa tuwo tana wanke tukunya. Shi kau tsohon ba a taɓa ganin hawayenshi ba, ba a taɓa jin ya ambaci sunan yaron ba. In an yi mashi jaje sai ya ce to, kamar an gaya mashi farashin gero. Da iyayen Hawwa'u suka gaji suka kai magana kotu a raba auren, alƙali ya ce a zo da uban mijin ya faɗa da bakinshi ko akwai wani labari. Sau biyu ana sa rana, sau biyu ƙafa na yi ma Ɗanmaliki ciwo. Ƙafar da ke kai shi Kankiya duk kasuwa ba fashi, ita ce dai ba ta iya kai shi kotu.

Ana haka Harisu ya kawo sabon wasa. Wani mutum ne a ciki mai yawo cikin rairayi da wuƙa a ƙugu, ba ya dariya, ba ya yawan magana, da wani dogon tabo a kumatun hagu. 'Yan shago suka sa mashi Mai Tabo. Wasan kanshi bai dame su ba kamar musun da ya jawo. Ashiru ɗan acaɓa ya rantse mutumin bai wuce ashirin da biyar ba, don babu mai iyali da zai diro daga saman bene haka. Kabir tela ya ce hamsin cif, a saurari nishin da yake in zai hau katanga, irin na surukinshi ne sak in zai tashi daga tabarma. Asali kau ba a magana. Wani ya ce Balarabe ne, wani ya ce Buzu ne da ya yar da rawani. Kabir ya ce Bafulatani ne, hujjarshi ita ce tun daga farkon wasan har ƙarshe ba a taɓa ganin ya ci abinci a gaban mutane ba. Kasuwa uku a jere ana wannan abu. An ce akwai ranar da Ashiru ya bar fasinja zaune kan mashin rungume da akuya tun hantsi, sai bayan azahar ya tuna, ya fito ya tarar akuyar ta cinye rabin kujerar.

Kabir ne ya ce a kira Baba Ɗanmaliki ya raba gardama, tunda shi ne mai karatun fuska. Don a yi dariya ya faɗa. Tsohon ya goge aska a tafin hannu, ya shigo yana ƙyafta ido. Ya ce a tsayar da mutumin. Aka tsayar. Ya ce a juyo da shi. Aka juyo. Ya matso har hancinshi ya kusa taɓa gilashin talabijin, ya daɗe a haka.

"Wannan ba sara ba ne," in ji shi. "Bille ne."

Aka fara ƙunshe dariya. Bai kula ba. Ya sa farce ya bi tabon daga sama zuwa ƙasa, yana bayani da muryar da yake tambayar mutum ko a rage gemu. Ya ce hannun bahago ne, ga shi ya fara da nauyi ya ƙare da sauƙi. Ya ce a dubi ɗan lanƙwasar da ke ƙasa, jaririn ne ya juya kai. Ya ce shekarunshi talatin da huɗu, kuma a Kusada aka yanka.

Ashiru ya riga ya buɗe baki zai bushe da dariya, sai ya rufe. Kowa a shagon ya san wanzami bahago ɗaya ne a Kusada, kuma kowa ya san wanda da yana nan da ya cika talatin da huɗu bana.

Shi Ɗanmaliki lissafinshi a miƙe yake. Bai ce ɗanshi ne ke cikin akwatin ba, ba mahaukaci ba ne. Ya ce Turawa ba su iya ƙirƙirar bille ba, ina suka san shi, sai dai sun ga wani sun ɗauki hotonshi sun kwafa. Ya tambayi Harisu yaushe aka yi wasan. Harisu ya ce kamar shekara uku. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce to, shekara uku da suka wuce yana nan ke nan. Ya koma gindin bedi ya ƙarasa ma wani tsoho rabin kan da ya bari.

Daga ranar ya samu wurin zama a shagon, kan wani benci kusa da ƙofa. Ba ya sa baki a musu, ba ya murna, ba ya baƙin ciki. Yana zaune za a harbe Mai Tabo, ya faɗi, ya tashi, a sake harbe shi, sau talatin kafin la'asar, tsohon ko gira ba ya ɗagawa. Sai dai in Ashiru ya jefa shi rami da ganganci, ya ce, "Ka riƙa kula da shi." Shi ke nan. Da aka sa rana ta uku a kotu, wannan karon ba ƙafa ba ce. Aika ma uban Hawwa'u ya yi cewa a ɗan dakata, an gan shi. Aka sake ɗaga zama.

Wanda abin ya hana sukuni Harisu ne, don shi ya san abin da sauran ba su sani ba. Ranar da ya fara kunna wasan, shi kaɗai a shago, sai da aka ba shi zaɓin yadda yake son fuskar mutumin, kuma shi da hannunshi ya ɗora tabon nan. Da musu ya ɓarke ya yi shiru don yana cika mashi shago. Yanzu kau ta ina zai fara? Surukin ƙanwarshi ne, sa'an babanshi ne, kuma shi ya yi mashi kaciya. Mutumin da ya san ka tun ranar nan, ba ka iya kallon idonshi ka ce Baba ka yi kuskure. Wata biyu yana juya maganar, har ya rame, wandonshi ya fara neman sabon tazuge.

Hawwa'u ce ta ƙare mashi shawara. Sun haɗu gidan suna a Tafashiya, ta ja shi gefe, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, in ba ka gaya mashi ba, a gidan nan zan tsufa ana musun shekarun wani."

Kasuwa ta gaba, da sassafe kafin kowa ya zo, Harisu ya tada janareta ya fito gindin bedi ya durƙusa. Ya ce Baba ya zo ya ga wani abu. Tsohon ya shigo ya zauna kan bencinshi. Harisu ya buɗe wurin zaɓin fuska ya fara dannawa. Tabon ya tashi daga kumatun hagu ya koma na dama. Ya hau goshi. Ya sauko haɓa. Ya ɓace gaba ɗaya, fuska ta yi sumul. Ya ƙara dannawa, gemu ya yi fari fat, mutumin ya zama tsoho, ya sake zama saurayi, ya yi ƙiba, ya yi baƙi, ya yi ja.

Ɗanmaliki yana kallo, hannuwanshi a kan gwiwa.

"Wa ya sa mashi na farkon?"

"Ni ne, Baba."

"Kai bahago ne?"

"A'a, Baba."

"To mi ya sa ka ɗauki wannan?"

Harisu ya sunkuyar da kai. Ya ce guda goma sha biyu ne aka jera, shi dai wannan ne ya yi mashi kama da na gida.

 Tsohon ya ce a kashe injin, kada mai ya ƙone a banza. Ya tashi ya fita. Masu cewa ya yi kuka a bayan shago ƙarya suke, ba su nan. Kai tara ya aske ranar, bai yanki ko ɗaya ba, har ya yi ma wani mai ciwon baya ƙaho. Da Ashiru ya iso ya leƙo ya ce Baba yau ba a shiga ba, sai ya ce mashi akwai aiki.

Ranar da aka sa, tun kafin a buɗe kotu yana zaune a bakin ƙofa da farar rigarshi ta Juma'a. Da alƙali ya tambaye shi ko yana da labarin ɗanshi, ya ce, "Allah ya gafarta malam, ba ni da shi." Aka tambaye shi maganar an gan shi da ya aika. Ya ce shi ne ya duba ba daidai ba. Mutanen da suka san shi shekara arba'in sun ce ba su taɓa jin wannan magana ta fito daga bakinshi ba, har wani ya waiwaya ya ga ko wani ne ya faɗa. Alƙali ya yi rubutunshi, aka raba auren.

Da lokacin tafiyar Hawwa'u ya yi, Harisu ya zo da motar haya aka ɗora gado da kwanuka. Ɗanmaliki yana zaure yana wasa aska a dutse. Ta zo ta durƙusa daga nesa, ta ce Baba za ta tafi, ya yafe mata. Bai ɗago ba. Ya ce ba ta yi mashi komai ba, Allah ya haɗa ta da na kirki, ta gaida mutan gida. Ta tashi, har ta kai bakin ƙofa ya kira sunanta. Ta tsaya.

"Kin jawo ƙofar ɗakin? Kaji za su shiga."

Ta koma ta jawo.