Hannun Fanka da Numfashin Yaya

Idan ana gardamar wanda ya fi iya jita a unguwarmu, ni ba na tsoma baki, don na san inda za a ƙare. Wani zai ce Fanka, sauran su gyaɗa kai, shi ke nan a watse. Ba ƙarya suka yi ba, ban taɓa ganin hannun da ya kai nasa gudu ba. Amma ni na yi shekaru ina zaune a bayansa ina kaɗa ganga, kuma ƙanwarsa nake aure, saboda haka in aka ambaci wannan gudun nasa takaici ne yake fara taso mini, ba sha'awa ba.

Sana'arsa gyaran fanka ce da injin ban ruwa. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, sama fukafukan fanka a rataye, ƙasa guntayen jar waya, in ka kuskura ka shiga ba takalmi sai ka fito kana ɗingishi. A nan yatsunsa suka koyi sauri, wajen naɗa siririyar waya a cikin injin da ya ƙone, a nan kuma ya samo sunan da ya binne na yanka. Mutum ne marar magana. Za ka wuni a shagon ba ka ji ya haɗa zance mai tsawo ba, sai dai in ciniki ya yi sanyi ya jawo jitarsa daga bayan ƙofa, inda take jingine a naɗe cikin tsohon zanen gado.

Mai yi mana waƙa kuwa yayansa ne, wanda duk muke kira Yaya. Fentin mota yake yi, kuma bai iya kaɗa ko gwangwani ba. Yana feshi yana ƙunƙuni, da yamma sai ga shi a shagon ƙanensa da fenti har a gira, ya zauna a kan akwatin kayan aiki ya rera abin da ya zo masa. Waƙoƙinsa ba na manyan abubuwa ba ne. Akwai ta maƙwabcin da ya tashi daga gida bai yi sallama ba, akwai ta uwar da take ajiye wa ɗanta abinci alhali ta san ba zai dawo ranar ba. Yana da wata ɗabi'a, sai ya kai tsakiyar baiti ya yi shiru, ya bar maganar a rataye. A wannan shirun Fanka zai taɓa tsirkiya ɗaya ko biyu, a hankali, kamar mai cewa to, sai aka yi yaya? Babu wanda ya koya masa waɗannan amsoshin, daga cikinsa suke fitowa. Wallahi sau da yawa ina kaɗa ganga tsigar jikina tana tashi.

Duk yammacin Asabar muna wasa a wani zaure da ake haya a bayan tashar mota. Ba mu yi suna ba, amma kujerun suna cika, kuma mutane suna fita suna rera abin da suka ji.

Sai fenti ya fara cin ƙirjin Yaya. Shekara da shekaru yana shaƙarsa, ɗan ƙyallen da yake ɗaurawa a hanci kuwa ado ne kawai. Shirun da yake yi da gangan ya fara tsawo ba da gangan ba. Wata Asabar ya tsaya a tsakiyar baiti, numfashin ya ƙi dawowa da wuri, lasifika ta kwaso shesshekar ƙirjinsa ta watsa wa zaure. Wani mara kunya a gaba ya tuntsire da dariya. Kafin dariyar ta yaɗu sai Fanka ya saki hannu, ya bi tsirkiyoyin nan sama da ƙasa da wani irin gudu da mu kanmu ba mu san yana da shi ba. Zaure ya ɗauki tafi da fito, aka manta da shesshekar.

Ni da ke baya na ga abin da ba su gani ba. Idon Fanka ba a kan masu tafi yake ba, a kan kafaɗun yayansa yake, yana jiran su sauka. Suna sauka ya tsaya cak. Rufin asiri ya yi, ba burga ba.

To amma tafi yana da daɗi, kada wani ya ruɗe ka. Asabar ta gaba samari suka fara kiran Fanka ya sa lamba uku, wato gudun ƙarshe na fanka, shi kuwa ya sa. Da farko sai numfashin Yaya ya ƙwace yake gudun. Daga baya duk inda Yaya ya yi shiru, ko na gajiya ko na gangan, sai ya cika wurin taf. Daga nan kuma ya zama kafaɗun sun sauka, Yaya ya buɗe baki, amma hannun bai gama ba. Na samu Fanka a shago na gaya masa yana danne mutumin nan, ya ce ba zai bari a sake yi wa yayansa dariya ba. Na samu Yaya a gareji na gaya masa don shi ake yi, ya ce in riƙe gangata in bar masa ƙanensa. Taurin kai a gidan nan gado ne, matata ma ba a bar ta a baya ba.

Ranar da abin ya fashe ba a yi ko musu ba. Yaya ya rera baiti ɗaya na waƙar uwar nan, ya tsaya yana jiran jita ta ba shi hanya. Ya jira, ya sake jira, zaure yana ta ihu. Sai ya ajiye makirufo a kan kujera, ya gyara hularsa, ya fita ta ƙofar baya. Bai sake hawa wannan dandamali ba. Sun ci gaba da gaisawa, ana haɗuwa a wurin biki da wurin rasuwa, in fankar gidan Yaya ta lalace ƙanensa ne yake zuwa ya gyara. Maganar waƙa ce kawai babu mai ɗaga ta.

Fanka ya ci gaba shi kaɗai, ni ina biye da shi, don ba ni da wani wurin kaɗa gangar. Ya tara kaset-kaset na makaɗan ƙasashen waje, ya riƙa mayar da wuri ɗaya baya yana kwaikwayo har kan yatsunsa suka tsattsage suka warke suka yi kanta. Duk abin da wani ya kaɗa zai kaɗa shi, ya ƙara masa sauri. Amma tun fitar Yaya ban ƙara jin ya fito da ko ɗan guntun kiɗa nasa na kansa ba. Matata ce ta faɗe shi daidai wata rana yana cin abinci a gidanmu. Ta ce kiɗansa yana sa mutum ya saki baki, amma ba ya bin mutum gida, ita dai ba ta taɓa tsintar kanta tana rera shi a wurin wanke-wanke ba. Ya yi dariya ya ce mata kiɗa a hannu yake, wanda bai iya ba ne yake fakewa da zuciya. Bai daɗe ba ya tashi, bai ma gama cin abincin ba.

Daga baya samarin zamani suka taso da wayoyinsu, suna rage saurin bidiyo suna koyon komai dalla-dalla. Wasu suka kamo shi, wani ma ya so ya wuce shi. Zauren bayan tasha aka mayar da shi ɗakin ajiyar taya. Jitar ta koma bayan ƙofa, ana iya yin wata ba a kwance zanen ba.

Babbar 'yar Yaya, wadda take aikin jinya, ita ce ta tayar da maganar. Ta ce waƙoƙin babanta ba a taɓa ɗaukar ko ɗaya ba, kuma ita ta fi kowa sanin halin da ƙirjinsa yake ciki. Ko guda ɗaya ce tana so a ɗauka da muryarsa, waƙar uwar nan, kuma da jitar Baba Ƙarami, wato Fanka. Ta kama wuri a wani situdiyo, ta zaga ta lallashi kowa. Ita kaɗai ce a dangin ba a iya ce mata a'a.

Da safe muka je. Situdiyon a saman bene yake, ɗaki ɗaya da aka manne bangonsa da katifun soso. Yaya ya hau matakalar yana hutawa a hanya, hannunsa a kafaɗar 'yarsa. Mai ɗaukar sautin ya gaya mana tun farko cewa ɗakin ƙarami ne, duk abin da aka kaɗa zai shiga makirufon mai waƙa, ba zai iya raba su daga baya ba.

Yaya ya fara. Muryar ta tsufa, ta yi kauri, amma ta fi da daɗi, ban san yadda zan kwatanta ba. Ya kai inda yake tsayawa, ya tsaya, ƙirjin ya fara shessheka, sai hannun Fanka ya zabura. Aka dakata. Fanka ya ba da haƙuri, aka ba Yaya ruwa, aka sake. A wannan karon ya daure a shiru na farko, a na biyu hannun ya sake ƙwacewa. Na ga gumi a goshinsa. Ba da niyya yake yi ba, yatsun ne ba su san wata hanya ba kuma.

Yaya ya juyo ya dube shi. Rabon da su yi maganar waƙa, yarinyar nan ko makaranta ba ta shiga ba.

"Ƙanena, bar ni in ja numfashina."

"Yaya, ana jin ƙirjinka."

"A ji mana. Nawa ne."

Karo na uku Fanka ya kifa tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin, ya danne su. Ni ma na ajiye sandunan. Yaya ya rera shi kaɗai, yana tsayawa, yana ja, yana ci gaba, har ya kai tsakiyar waƙar, inda uwar ta rufe kwanon ta ajiye. A nan tari ya turnuƙe shi. Ƙarfin da ya zo da shi ya riga ya ƙare a karo biyun farko. 'Yarsa ta ce ya isa, a dawo wani makon. Wani makon a gadon asibiti ya same shi, kuma daga can bai koma gida da ƙafarsa ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki mai situdiyon ya aiko cewa rabin waƙar yana nan lafiya lau. Ya ce in Fanka ya yarda, zai iya ɗora jita a kai, ya cike wuraren shirun, sauran rabin kuma jitar ta rera a madadin murya. Yarinyar ta ji daɗin shawarar. Fanka ya ce in raka shi.

Aka sa masa abin saurare a kunne, aka kunna. Ya gwada a hankali, kowace tsirkiya daidai, babu kuskure ko ɗaya, amma abin salam yake, ba ya cewa komai. Shi ma ya ji, don tun kafin a yi magana ya girgiza kai. Ya sake gwadawa, ya sake, daga baya ya kwantar da jitar a cinyarsa ya ce a mayar masa wurin da Yaya yake jan numfashi. Aka mayar. Ya ce a ƙara. Ina kallonsa ya runtse ido, ƙafarsa tana taɓa ƙasa a hankali tana bin waƙar. Duk shekarun nan yana rufe wannan sautin, bai taɓa tsayawa ya saurare shi ba sai ranar.

Ya cire abin kunnen ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Mai ganga, ka ji? A kan kiɗa yake jansa."

Na ce masa na ji. Yaya ya daɗe da gyara waƙoƙinsa suka dace da ƙirjinsa, kowace shessheka tana faɗawa daidai inda sandata take sauka.

Fanka ya miƙe. Sannan ya naɗe jitar, ya gaya wa mai situdiyon kada a ɗora komai, a ba yarinyar yadda yake. Da muka sauko ya tsaya a ƙasan matakalar ya ce da ya danne hannunsa tun karon farko, da Yaya ya kai ƙarshen waƙar. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, na rasa ƙaryar da zan yi masa.