Babo Linang, Wadda Ta Mayar Da Sojoji Aji

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 13 ga Sha'aban 1446, daidai da 12 ga Fabrairu 2025, da hantsi, ina tsaye a gonar shinkafa a Pikit ina nuna wa manoma yadda ake gane tsutsar kara, sai waya ta shigo mini. Bainot ce, babbar 'yar Hajiya Linang Kamsa. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Yaya Mokalid, Inna ta cika." Ta rasu a asibiti a Cotabato bayan doguwar jinyar ƙoda, tana da shekara sittin da takwas. Ashirin da shida daga cikinsu ta yi su ne a ɗan ofishin da ke kula da karatun tsofaffin sojoji a jami'ar lardinmu.

Ba ki haɗa jini da kowa a cikinmu ba, amma Babo muke ce miki, kamar yadda muke kiran 'yan'uwan iyayenmu mata. Da ke zan yi magana yau, don akwai godiyar da nauyin baki ya hana ni yi miki kina raye.

Na san ki ne a kan babur. Lokacin shekara biyu ke nan da sallamata daga soja, bayan fashewar da ta tafi da kunnena na hagu, ina ɗaukar fasinja a bakin kasuwa. Kika hau bayana da kwandon kifi, kina ta magana ban ji ba. Can sai kika taɓa kafaɗata, kika koma ta kunnen dama.

"Wace shekara aka sallame ka?"

Na ce, "Wa ya ce miki ni soja ne?"

"Ka zauna a miƙe kamar wanda ya haɗiyi taɓarya, kuma tun da muka taso babu kwalbatin da ba ka leƙa ba kamar mai neman nakiya. Ka gama sakandare?"

Na ce na gama. A nan, a kan hanya, kika gaya mini abin da ban taɓa riƙewa a kai ba ranar da aka karanta mana takardun sallama: cewa ina da haƙƙin yin karatun jami'a, hukuma ce za ta ɗauki nauyi. Na yi dariya, na ce shekarata talatin da huɗu, 'ya'yana uku. Kika ce, "Kada ka kawo mini zancen gemu, naka ma bai kai ya kawo ba. Ka zo ranar Litinin da takardunka."

Ban zo ba. Litinin ta sama kika same ni a inda muke jiran fasinja, kika zauna a kan bencinmu kika ce ba za ki tashi ba sai na je gida na ɗauko su. Abokan sana'ata suna ta yi mini tsiya, wai uwata ta zo kai ni makaranta. Ashe gaskiya suka faɗa.

Da kika duba takardun sai kika ga matsala. Sunana a takardar sallama ya bambanta da na shaidar sakandare da harafi ɗaya, kuma wannan harafin ya isa a ce mutum biyu ne. Ni da na ji haka har na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, Allah bai nufa ba. Ke kuwa sau biyu kika shiga motar haya, tafiyar awa biyar, kika je barikin da aka sallame ni. Kika nemo tsohon shugaban makarantarmu, yana dogara sanda, ya zo ya rantse cewa Mokalid ɗin nan shi ne Mokalid ɗin can. Sai bayan shekaru Bainot ta gaya mini cewa mijinki, Saja Kamsa, ya cike irin wannan takarda yana shirin karatun shari'a, ajali ya riga shi. Ke ba ki taɓa ambata mana ba.

Na shiga sashen aikin gona, cikin yara da na girme su da shekara goma sha biyar. A mako na shida, muna cikin darasi, tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi. Ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙarƙashin benci ba, ina ihu, "Ku kwanta! Ku kwanta!" Sai dariya ta ɓarke a ajin. Ba mugunta ba ce, ƙuruciya ce. Amma na kwashi littattafaina na fita, na koma ƙauyen matata Norhata a cikin fadama, na yi niyyar ba zan sake taka jami'ar ba.

Damina ce, ruwa ya shanye hanya. Rana ta goma sha biyu sai ga ki a kwalekwale, kin riƙe lema da hannu ɗaya, ɗayan kuma ƙunshin pastil a ganyen ayaba, shinkafa da kaza da kika dafa da kanki. Sai da muka ci kika ce in gaya miki abin da ya faru. Na gaya miki kaina a sunkuye.

"Da ka ji ƙarar, me ka ce?"

"Na ce su kwanta."

"To, mutum ya ji abin da ya ɗauka mutuwa ce, bai nemi ƙofa ba, sai ya tsaya ceton yara tamanin. Nuna mini inda abin kunyar yake, ni ban gan shi ba."

Norhata ta fashe da kuka. Ni kuwa da kwalekwalen zai juya ina ciki. Kika bi malamaina ɗaya bayan ɗaya, aka ba ni kujerar gaba ta gefen hagu don kunnena mai ji ya fuskanci mai magana. Kika haɗa ni da wata likita da ta san irin wannan firgita, kika ce idan na ƙi zuwa za ki kai ni da kanki a gaban jama'a. Na san za ki aikata, don haka na je.

Kowace Laraba da rana kina tara mu a ofishinki, mu tsofaffin sojoji da ke karatu, Musulmi da Kirista, a sha kofi a ci abinci a yi ta zolayar juna. A shekarata ta biyu sai ga baƙuwar fuska a teburin, wani mai ɗingishi, Badrudin. Yana cikin mayaƙan daji da suka ajiye makamai bayan sulhu, su ma aka buɗe musu hanyar karatu. Ba aikin ofishinki ba ne kula da su, amma kika ce ɗalibi ɗalibi ne. Ana cikin hira ya ambaci wata gadar katako a cikin fadama, da watan, da shekarar. A kan wannan gada na rasa kunnena, a nan kuma na rasa abokina Rolando, wanda muka shiga soja rana ɗaya. Badrudin yana ɗaya gefen ruwan a ranar. A nan ya samu ɗingishinsa, a nan aka kashe ƙanensa.

Na tashi na fita. Washegari kika aika aka kira ni.

"Ban ce ka yafe ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Amma saura mako uku jarrabawa. Shi lissafi na neman kayar da shi, kai kuma ba ka san ƙasar noma daga ƙasar gini ba, shi kuwa a cikinta ya tashi. Ga tebur nan. In kun faɗi ku biyun, ni kuka kunyata."

Na ji haushinki ranar, Babo, ban ɓoye ba. Mako uku muka yi muna zama a tebur ɗaya ba gaisuwa, sai "duba shafi na arba'in," sai "ba haka ake yi ba." Muka ci jarrabawar. Ranar da sakamako ya fito ya tambaye ni sunan abokin nawa, na gaya masa, na tambaye shi sunan ƙanensa. Ba zan ce mun manta ba, ba a manta irin wannan. Amma shekara tara ke nan muna aikin malaman gona a yanki ɗaya, babur ɗaya muke hawa zuwa ƙauyuka, kuma 'ya'yana Bapa suke ce masa, wato baffa.

Ranar da muka karɓi digiri an nemi ki hau dandamali, kika ƙi. Na hango ki can baya a gindin mangwaro, kin tsare wani mai gadi da ke da tabon harsashi a wuya, kina tambayarsa ko ya gama sakandare.

Ba ni kaɗai ba ne. A wajen jana'izarki na ga malaman makaranta, na ga ma'aikatan jinya, na ga lauya, na ga mai binciken lafiyar dabbobi, dukkansu sun taɓa sa kaki ko sun taɓa kwana a daji da bindiga. 'Yan'uwanmu Kirista suka tsaya a bakin maƙabarta cikin rana, hulunansu a hannu, har aka gama. Da aka ɗaga makara ina gaba ta dama, Badrudin yana gaba ta hagu. Saboda ƙafarsa sai da dukkanmu muka rage sauri, muka daidaita takunmu da nasa har bakin kabari.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Norhata da 'ya'yanmu, ga Bainot da ƙanenta Nasrudin, da jikoki, da dukkan dangin Kamsa. Kun yi haƙuri da mu shekara da shekaru muna tarayya da ku a uwarku, ba ku taɓa nuna mana a fuska ba. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci bayanta.

Ya Allah, baiwarKa Linang ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Duk harafin da ɗayanmu ya karanta, duk mai ciwon da ɗayanmu ya duba, duk gonar da ta yi albarka ta hannunmu, Ka kai ladan gare ta. Ka sada ta da mijinta a Aljannar Firdausi. Mu kuma da ta bari, Ka ba mu ikon yi wa wani abin da ta yi mana, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.

Mokalid Dagadas,
tsohon kofur, malamin gona,
Pikit.