Baba Mai Ƙwai da Motar da Ba Kowa a Ciki

Baba Mai Ƙwai bai taɓa yarda da kowa ba. Ko kajinsa, sai ya haska ƙwansu a rana kafin ya jera a kiret. Kullum da safe yakan tura kekensa ya tsallaka babban titi zuwa gidan burodi, kuma dokarsa guda ce: ba ya sa ƙafa a kwalta sai ya haɗa ido da direba. A cewarsa, mugu a ido ake gane shi.

Sai ga motocin nan masu tuƙa kansu sun cika titi. Ranar farko wata ta tsaya masa. Ya leƙa, kujera wayam, sitiyari kawai. Ya miƙa ƙafa don gwaji, ya janye. Motar ta ɗan motsa, ya sake miƙawa, ta ƙame. Haka suka yi ta yi har rana ta ɗaga.

"Lamɓo take yi," ya ce wa wani mai facin taya da ke bakin titin. "So take in kai tsakiya."

Mai gidan burodi, wanda shi kaɗai ya rage masa cikin masu saye da yawa, ya gaji da jira. "Baba, in ka sake makara gobe, wallahi wani zan nema."

Da ya koma gida ya zayyana wa 'yarsa komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ai ita ma ba ta yarda da kai ba. Lissafi take yi: zai wuce, ba zai wuce ba. Ƙafar nan da kake miƙawa kana janyewa ita ke ruɗa ta."

"Ni take zargi? Da furfurata?"

"In za ka wuce, ka wuce kai tsaye. Shi ke nan."

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Washegari ya isa bakin titi cikin fushi. Mota ta tsaya. Ya yi bisimilla, ya ƙanƙame kan keke, ya shiga bai waiwaya ba, ƙwai na ƙaras-ƙaras a bayansa. Bai saki numfashi ba sai da taya ta hau ɗaya gefen.

Nan ya juya, ya ɗaga hannu zai yi godiya. Motar ta wuce abinta. Ya daɗe a tsaye da hannu a sama, babu wanda zai amsa masa.